Wutar nukiliya da bam ɗin nukiliya: tambayoyin da ake yi mini a Gusau

Ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a nan Gusau. Tun daga watan Yunin 2025, lokacin da Isra'ila da Amurka suka kai hari kan wuraren nukiliyar Iran, majalisar da muke zama bayan la'asar ta koma kamar aji. Dattijo zai ajiye rediyonsa ya juyo gare ni, ɗalibai su tare ni a bakin ƙofa, har a gida ma ban tsira ba. Na lura tambayoyin iri ɗaya ne suke ta dawowa, shi ya sa na tattara su wuri guda, kowacce kamar yadda aka yi mini ita.

Malam, wai mece ce nukiliyar nan da kullum ake ambata a rediyo?

Duk abin da ido ke gani, ƙasa ne ko ruwa ko ƙarfe, ƙananan ƙwayoyin zarra ne suka haɗu suka yi shi. Kowace ƙwaya tana da cibiya a tsakiyarta, kuma daga sunan cibiyar nan aka samo kalmar nukiliya. Akwai wani ma'adini mai nauyi, yuraniyom, wanda cibiyar wani nau'insa takan tsage biyu idan wani ɗan ƙanƙanin abu mai suna niyutiron ya doke ta. In ta tsage sai ta saki zafi, ta kuma watso wasu niyutiron biyu ko uku, su ma su je su tsaga na kusa da su. Haka abin zai yi ta yaɗuwa kamar wutar daji a kaka.

In aka rage wa wannan yaɗuwa gudu, aka riƙe mata linzami, sai a sami zafi mai ɗorewa na shekara da shekaru. In aka sake ta ta gama gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, an yi bam.

To ta yaya zafi ke zama wutar lantarki?

Ta hanyar tafasa ruwa. Tukunyar nukiliya tana dafa ruwa, tururi ya fito da ƙarfi ya juya farfela, farfela ta juya janareta. Aikin da ruwan Kainji ke yi da nauyinsa, shi tururi ke yi a nan. Abin da ya bambanta shi ne ƙanƙantar makamashin: curin yuraniyom ɗaya da bai wuce kan ɗan yatsa ba yana ba da zafin da gawayin kwal tan guda zai bayar, kuma babu hayaƙi. Tun 1954 aka fara haɗa irin wannan tasha da layin wuta, a garin Obninsk na tsohuwar Tarayyar Sobiyet. A yau tukwane fiye da 400 ne ke aiki a ƙasashe kusan 30, suna ba duniya wajen kashi 9 cikin 100 na wutarta. Faransa ita kaɗai kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nan yake fitowa.

Tunda dutsen ɗaya ne, me ya raba mai neman wuta da mai neman bam?

Wannan ita ce uwar tambayoyin, kuma duk rigimar da kuke ji a labarai a kanta take.

Yuraniyom ɗin da ake haƙowa daga ƙasa gauraye yake. Nau'in da ke tsagewa cikin sauƙi, wanda ake kira 235, bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kashi 0.7 ne kacal. Sauran kusan duk nau'in 238 ne. Sai an tace shi. Ana mayar da shi iska, a zuba a wasu dogayen bututai masu juyawa da gudun tsiya, mai nauyi ya koma gefe, mara nauyi ya taru a tsakiya. Wanda ya taɓa ganin mace tana sheƙa a masussuka ya riga ya fahimci dabarar. Sai dai a nan bambancin nauyin kaɗan ne ƙwarai, don haka sai an jera dubban injuna, wannan ya miƙa wa wancan.

Tashar wuta tana buƙatar a tace shi zuwa kashi 3 zuwa 5. Bam yana buƙatar wajen kashi 90. Mai sauraro zai ce ai tazarar da nisa. Inda gizo ke saƙar shi ne mafi yawan wahalar a farko take. Wanda ya kai kashi 5 ya riga ya yi fiye da rabin aikin, wanda ya kai kashi 20 kuwa saura ƙiris. Kuma injin da ya yi na farkon shi ne dai zai yi na ƙarshen, ba a sauya masa komai sai yadda aka jera shi da tsawon lokacin da aka bar shi yana juyi.

Akwai hanya ta biyu. Duk tukunyar da ke aiki tana haifar da wani sinadari, fulutoniyom, a cikin makamashin da ta ƙona. In aka ware shi, shi ma ana yin bam da shi. Bam ɗin da Amurka ta jefa a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945 na yuraniyom ne, wanda ta jefa a Nagasaki bayan kwana uku na fulutoniyom ne. Kafin ƙarshen shekarar mutum wajen 140,000 sun mutu a gari na farko, wajen 70,000 a na biyu. Saboda haka ne aka kafa hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, a 1957, mai hedikwata a Biyana, don ta riƙa aika masu bincike suna auna kowane kilo, suna ɗaura hatimi, suna kafa kyamarori.

Tashar wuta za ta iya tashi kamar bam?

A'a. Makamashinta bai kai tacewar da zai yi hakan ba. Amma tana iya yin zafin da zai narkar da cikinta, guba ta fita. A Chernobyl da ke Yukiren, ranar 26 ga Afrilu 1986, tukunya ta huɗu ta fashe ta kama da wuta lokacin wani gwaji. Ma'aikata da 'yan kwana-kwana wajen 30 suka rasu cikin 'yan watanni, aka kwashe garin Pripyat mai mutum kusan 50,000, kuma har yau kilomita 30 kewaye da wurin ba a koma zama ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na yara: gubar ta sauka a kan ciyawa, shanu suka ci, yara suka sha madarar, dubbai suka kamu da ciwon dajin maƙogwaro. Ga mutanen da fura da nono ne abincinsu, wannan ba labarin nesa ba ne. A Fukushima ta Japan kuma, ranar 11 ga Maris 2011, igiyar ruwan teku ce ta kashe injunan sanyaya tukwane, aka tashi mutum fiye da 100,000 daga gidajensu.

Adalci ya sa in faɗi ɗaya gefen. In aka auna da yawan wutar da aka samar, hayaƙin kwal da na man fetur sun kashe mutane ninkin-ba-ninkin abin da nukiliya ta kashe. Mu ma nan mun san gidajen da hayaƙin janareta ya yi wa ɗauki ɗai-ɗai cikin dare.

Su waye ke da bam ɗin, kuma wa ya ba su izinin da suke hana wasu?

Wani dattijo da nake kira Baba ne ya yi mini wannan tambaya, ransa a ɓace. Na ce masa, Baba, ɓacin ranka yana kan hanya.

Ƙasashe tara ne: Amurka, Rasha, Birtaniya, Faransa, Sin, Indiya, Pakistan, Koriya ta Arewa, sai Isra'ila wadda ba ta taɓa amsawa ko musantawa ba. Jimillar makamansu wajen 12,000 ne, kusan kashi 90 cikin 100 a hannun Amurka da Rasha. Yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya, wadda aka buɗe a 1968 ta fara aiki a 1970, ciniki ce mai ƙafa uku. Marasa makami sun yi alkawarin ba za su nema ba. An amince suna da haƙƙin amfani da nukiliya ta hanyar lumana. Biyar ɗin farko kuma, waɗanda suka yi gwaji kafin 1967, sun yi alkawarin tattauna kwance ɗamara. Ƙananan ƙasashe sun cika nasu. Manyan sun rage yawan makamansu daga abin da ya haura 60,000 a shekarun 1980, gaskiya ne, amma yanzu sabunta su suke yi, wasu ma ƙari suke yi. Indiya da Pakistan da Isra'ila ba su taɓa sa hannu ba, Koriya ta Arewa ta fice a 2003 ta yi gwaji a 2006.

Rashin adalcin a fili yake. Sai dai ban yarda maganinsa shi ne kowa ya mallaka ba. Ƙasa ɗaya ce a tarihi ta ƙera nata da kanta sannan ta wargaza su, kuma a nahiyarmu take: Afirka ta Kudu ta yi guda shida, ta lalata su, ta shiga yarjejeniyar a 1991.

Iran fa, wuta take nema ko makami?

Iran ta ce lumana take nufi, kuma tana da tashar wuta a Bushehr. A yarjejeniyar da ta yi da manyan ƙasashe a 2015 ta amince tacewarta ba za ta wuce kashi 3.67 ba. Amurka ta fice daga yarjejeniyar a 2018 ta mayar da takunkumi, daga baya Iran ta fara tacewa har kashi 60, matakin da babu tashar wutar da ke buƙatarsa. A nan zargin ya samo ƙarfi. Amma jefa bam a Natanz da Fordo da Isfahan ya rushe gine-gine ne, ilimin yana nan a kawunan mutane, kuma masu binciken IAEA da suke gani da idonsu sun rasa hanyar shiga. A ganina duniya ta fi zama cikin duhu bayan harin fiye da kafinsa.

Mu da ke fama da 'yan bindiga da tsadar masara, ina ruwanmu da wannan?

Ruwanmu ya daɗe a ciki. Mafi yawan yuraniyom ɗin da Amurka ta yi bam ɗinta na farko da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta ƙasar Kwango aka ɗebo shi. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, a tsakiyar hunturu, lokacin da iska ke kwaso ƙurar hamada ta sauke mana. Da ta maimaita har sau uku a shekarar, gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961 ta yanke hulɗa da ita. Ƙasar da ke da wajen wata uku kacal da samun 'yanci ce ta yi wannan. Ina son ɗalibaina su san shi. Daga baya Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Pelindaba da ta haramta makaman nukiliya a Afirka, ta kuma amince da yarjejeniyar haramta su baki ɗaya a 2020.

Sannan ga maƙwabtanmu. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, arewa da Agadas. Ya haskaka biranen Turai shekara hamsin, alhali a Nijar ɗin kanta kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, kuma kafin juyin mulkin 2023 mafi yawan wutar Yamai daga Nijeriya take zuwa ta layin Birnin Kebbi. A 2024 gwamnatin sojan Nijar ta ƙwace lasisin Imouraren daga kamfanin Orano na Faransa, a 2025 ta mayar da mahaƙar Somaïr mallakar ƙasa.

Da gaske ne akwai nukiliya a Zariya?

Da gaske ne. A Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello akwai 'yar ƙaramar tukunya ƙirar Sin da ta fara aiki a 2004. Ƙarfinta wajen kilowat 30 ne na zafi, ba ta ba kowa wuta. Aikinta horar da ɗalibai da gwada samfurin ƙasa da duwatsu da abinci don gano ma'adinan da ke ciki. Da farko makamashinta mai kashi 90 ne, irin na makami, ko da yake ɗan kaɗan ne. A 2018 aka sauya shi da mai kashi 13, aka mayar da tsohon Sin. An yi aikin lafiya, kuma shaida ce cewa muna da ƙwararru.

In an gina babbar tasha, ɗauke wuta zai ƙare ke nan?

Masu walda da masu injin niƙa da masu sayar da ƙanƙara su suka fi yi mini wannan tambaya, kuma na san abin da ke cin su. A Oktoban 2024 mun kwana fiye da mako guda babu ko ƙyalli a mafi yawan Arewa. Amma mu tuna dalilin: ba wutar ce ta ƙare a tasha ba, layukan da ke kawo ta ne suka lalace, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna da aka yi wa ɓarna. Ko da akwai tashar nukiliya goma a Kudu a makon nan, da a duhu za mu kwana.

Maganar gina tasha ta daɗe. An kafa hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa da doka tun 1976, aka farfaɗo da ita a 2006, aka ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom, aka sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017. Har yau ba a aza tubali ba. A duk Afirka tasha ɗaya ce ke aiki, Koeberg ta Afirka ta Kudu, tun 1984. Masar ta fara gina tukwane huɗu a El Dabaa a 2022, da bashin dala biliyan 25 daga Rasha. Kowace tukunya a can megawat 1,200 ce. Abin da layinmu na ƙasa ke iya rarrabawa a yawancin ranaku bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba. Injiniyoyi suna da ƙa'ida cewa kada tukunya ɗaya ta wuce wajen kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layi, don in ta tsaya farat ɗaya kada ta ja kowa ƙasa. Tamu za ta zama kashi ɗaya cikin huɗu. Sannan ita kanta tukunyar tana buƙatar wuta daga waje don sanyaya cikinta ko bayan an kashe ta, abin da ya ci Fukushima ke nan.

Ana ta maganar ƙananan tukwane da za a ƙera a masana'anta a kawo a harhaɗa. Rasha tana da ɗaya a kan jirgin ruwa a Pevek, Sin ma ta fara aiki da tata. Su za su fi dacewa da layi irin namu, amma tukuna ba su yi arahar da ake alkawari ba. A halin da ake ciki, rana ce Allah ya hore mana a Zamfara, kuma sola a rufin asibiti ko a bakin rijiyar burtsatse cikin makonni ake kafa ta.

Za a iya kawo ta Zamfara?

Ban ga alama ba. Babbar tasha tana shan ruwa mai yawan gaske, rani da damina, shi ya sa ake kai ta bakin teku ko babban kogi. Kogunanmu kuwa yashi ne rabin shekara. Ga kuma tsaro. Duniya ta ga yadda hankali ya tashi tun da sojan Rasha suka mamaye tashar Zaporizhzhia a Maris 2022.

Ina ake kai tokar?

Wata ɗalibata ce ta yi wannan tambaya, 'yar asalin Anka. Na daɗe ban ba ta amsa ba, don na san abin da ya sa ta yi ta.

Makamashin da aka gama ƙonawa ba shi da yawa, amma yana fitar da haske mai kisa da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Ana jiƙa shi a tafkin ruwa na shekaru, sannan a rufe a manyan tukwanen ƙarfe da kankare. Fulutoniyom ɗin da ke ciki sai ya shekara 24,000 kafin rabinsa ya lalace. Finland ta haƙa rami mai zurfin fiye da mita 400 cikin dutse, a wurin da ake kira Onkalo, don binne nata. Yawancin ƙasashe har yau ajiyar wucin gadi suke yi. A Akokan ta Nijar, bayan rufe mahaƙar Cominak a 2021, miliyoyin tan na dusar ma'adinin aka bari jibge kusa da gari.

Mu a Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani kan gubar da ba a gani ba. A 2010 ma'aikatan Likitoci Marasa Iyaka suka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Abare da 'Yargalma. Dutsen zinariya ake kawowa cikin gida ana dakawa, ana niƙawa, ƙurar dalma tana sauka inda yara ke rarrafe. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka sami lahanin da zai bi su har tsufa. Dalma ba ta fitar da haske irin na nukiliya, kada a haɗa su. Abin da ya haɗa su shi ne abin da ya biyo baya. An san Bagega na cike da guba, an san maganin shi ne a kankare ƙasar gidaje a zuba sabuwa, amma sai a 2013 aka yi aikin, bayan dogon jiran sakin kuɗi, yara suna ta shaƙa. Aikin shebur da baro ne wannan. Tokar nukiliya kuwa tana son hukumar da ba za ta yi barci ba, albashin mai gadi ba zai makara ba, rajista ba za ta ɓata ba, daga wannan gwamnati zuwa ta jikokin jikoki.

Don haka in an tambaye ni ra'ayina, ba na ƙin wutar nukiliya, kuma ina son 'ya'yanmu su karance ta har su ƙware. Amma kafin in goyi bayan babbar tasha, ina son in ga layin wuta ya shekara biyu bai durƙushe ba, in ga hukumar sa ido kan nukiliya ta ƙasa, NNRA, tana da kuɗinta da ikon rufe wurin kowa komai girmansa, in kuma ga an san adadin ramukan haƙar da ke dazukanmu da abin da ake fitarwa daga cikinsu.

Ban da wuta da bam, tana da wani amfani?

Sosai. Gashin da ake yi wa masu ciwon daji, irin wanda mutanenmu ke tafiya Sakkwato ko Zariya nema, daga wannan ilimi ya fito. Ana haska albasa da dankali don kada su tsira a rumbu, ana haska hatsi don kashe ƙwari, kuma abincin ba ya ɗaukar guba. Akwai irin wannan na'ura a Sheda kusa da Abuja. A tsibirin Unguja na Zanzibar an kawar da ƙudan tsando a 1997 ta hanyar sakin mazan da aka haska suka daina haihuwa, sammore ya bar shanunsu.

Ni ɗan gwangwan ne. An ce akwai ƙarfen da ke kisa, gaskiya ne?

Gaskiya ne, ɗan'uwa, kuma a duk masu tambayar nan kai ne haɗarin ya fi kusa da kai. Tsofaffin injunan gashi na asibiti, da na'urorin kamfanonin hanya da na haƙar mai da na gwada walda, wasunsu suna ɗauke da ɗan curin sinadari mai haske a cikin gidan dalma ko ƙarfe mai kauri. A 1987, a birnin Goiânia na Brazil, wasu mutum biyu suka ciro irin wannan daga wani asibiti da aka yi watsi da shi, suka fasa, suka sayar wa mai gwangwan. Ya ga wata hoda mai shuɗin haske cikin dare, ya kai gida, ya rarraba wa 'yan'uwa. Mutum huɗu suka mutu, har da yarinya 'yar shekara shida, aka gwada mutum fiye da 100,000, aka rushe gidaje. Matar mai gwangwan ɗin ce ta lura kowa na gidan yana ciwo tun zuwan abin, ta ɗauke shi ta kai wa jami'an lafiya. Ta ceci garin, ita ba ta tsira ba.

Alamar da za ka duba ita ce zane mai fuka-fuki uku kamar farfelar fanka, baƙi ko ja-ja a kan rawaya. Ka kuma yi hattara da ƙaramin abu mai nauyin da ya fi girmansa, ko ƙarfen da ke da ɗumi alhali ba a rana yake ba. Kada ka fasa, kada ka sa a aljihu, kada ka kai gida. Ka matsa nesa, ka hana yara zuwa wurin, ka sanar da 'yan sanda ko sibil difens su kira NNRA. In wanda ya taɓa shi ya fara amai ko ya ga ƙuna a fatarsa ba tare da wuta ba, a kai shi asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita ainihin abin da ya taɓa da tsawon lokacin da ya yi tare da shi.